Farfelar Baba da Gudun Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai Rabi ɗakin miji ba, ko da kuwa na so in manta, don mutanen gidanmu sun sha alwashin ba za su bar ni ba. Wata biyu ke nan, amma har yanzu in na tuna sai dariya ta taso, kuka ya taso, in rasa wanda zan fara.

Bari in fara da motar, tunda ita ce uwar tafiyar. Babana tsohon direba ne a nan Safana. Abin da ya tsira da shi bayan ya ajiye aiki abu biyu ne: ciwon baya, da wata tsohuwar a-kori-kura mai gida biyu, mai fo-wil, irin wadda ke ja da duka tayoyinta huɗu in an shiga yashi ko taɓo. Fentinta ya koɗe, ƙofar direba sai an ɗaga ta sannan ta rufu, amma duk damina ita ce sarauniyar hanyoyin ƙauye. Inda ƙananan motoci ke tsayawa su yi sallama, nan take fara aiki.

Ni kuma da na gama sakandare na zauna gida, yayyena maza duk sun tafi birni neman abinci. Sai Baba ya fara da, "Uwata, miƙo mini sifana." (Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana.) Daga miƙo sifana aka koma riƙe mini nan, daga riƙe mini nan na tsinci kaina kwance a kan buhu a ƙarƙashin mota, shi yana zaune kan benci yana ba da umarni, tunda bayansa ya hana shi kwanciya a ƙasa. Kuma gaskiya abin ya yi mini daɗi. Har ƙawayena nake yi wa fankama, ina cewa su ci gaba da koyon ɗinki, ni injiniya ce.

Babban aikina shi ne ba farfela giris. Ga wanda bai sani ba, farfela wata doguwar sandar ƙarfe ce a ƙarƙashin mota, tana juyawa tana kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Akwai wata gajera kuma mai kaiwa ga tayoyin gaba. A kowane bakinta akwai mahaɗa mai ƙafa huɗu da ake kira kuros, kowane kuros kuma yana da ɗan nono ƙarami kamar kan ashana. Sai a goge nonon tas, a kafa masa bakin famfon giris, a yi ta dannawa har tsohon giris, baƙi ƙirin mai ruwa-ruwa, ya tsartso ta gefe, sabo ya biyo bayansa. In ba a ga sabon ya fito ba, to ba a yi komai ba. Wannan karatun Baba ya maimaita mini shi har na haddace kamar ƙulhuwallahu.

To, sai ga bikin Rabi, 'yar ƙanen Baba, wadda muka tashi tare kamar tagwaye. Wani malamin Islamiyya za ta aura, Malam Sani, a wani ƙauye gaba da Karare. Da can sai bayan isha'i ake kai amarya, da jerin motoci da guɗa. Yanzu wa zai yarda? Da rana tsaka ake kaiwa, a ajiye ta, a juyo da sauri a hau kwalta kafin la'asar, don kowa ya san masu yawo a dajin nan in rana ta yi sanyi. Ga fetur ya yi tsadar da ba a magana, don haka mota ɗaya aka yanke za ta je, ta Baba.

Ranar jajibiri na zauna awa huɗu cur gaban mai lalle. Kai, jama'a, ba don ni ce ba, amma hannuwan nan sun yi kyau! Ja da baƙi, furanni tun daga farce har kusa da gwiwar hannu. Ko ƙofa da gwiwar hannu nake turawa.

Da safe Baba zai fita ɗaurin aure, ya tsaya bakin zaure yana gyara hula.

"Uwata, jiya na ji kuros na baya yana kuka. Daminar nan mun ratsa ruwa da yawa, ya wanke masa giris. Ki ba su duka su sha sosai kafin in dawo. Yau ba ranar wasa ba ce."

Na ce, "To, Baba."

Ya fita, na tsaya ina kallon famfon giris, ina kallon hannuwana. Famfon namu tsoho ne, bakinsa ba ya kamawa sai an danne da yatsu, kuma in an danna, rabi na shiga kuros rabi na bin hannun mutum. Ba abin da ke fitar da shi sai kananzir. Ni da kananzir a kan lallen awa huɗu? Sai wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar da mutum ke jin ya fi kowa wayo a duniya. Na ɓallo kara daga dangar makwabta, na lakato giris daga gwangwani, na tsuguna a gefen mota (ban ma shimfiɗa buhun ba), na miƙa hannu na shafe farfelar nan daga sama har ƙasa kamar ana shafa wa jariri man kaɗanya. Na ce a raina, ai in ta fara juyawa zai shige ciki da kansa. Wallahi na san ƙarya nake yi wa kaina, amma na ji daɗin ƙaryar.

Da Baba ya dawo ya dafa ƙugu, ya ɗan ranƙwafa iyakar inda bayansa ya yarda, ya hango ƙarfe na ƙyalli.

"Madalla. Duk sun sha?"

"Sun sha, Baba."

"Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin, ba ko kunya.

Wajen sha ɗaya muka tashi. Baba a sitiyari, yayarsa Gwaggo Indo a gefensa, ita ce shugabar masu kai amarya. Gidan baya kuma amarya a tsakiya lulluɓe da mayafi mai ruwan zinari, wata ƙawarta a dama, ni a hagu. A bodi mata wajen takwas ne suka jeru tsakanin akwatuna da kwanonin gara. Ana waƙa, ana tafi, ana tsokanar Rabi tana kukan amare. Ni kuwa na fitar da hannu ta taga, wai iska nake sha, alhali so nake duk wanda muka wuce ya ga lallen.

Muna wuce Batsari muka saki kwalta, waƙa ta mutu da kanta. Ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsawo ta rufe hanya hagu da dama, ba ka ganin komai sai ganye. Gwaggo ta zaro carbi. Ni dama tun shekarar da aka rufe mana makaranta saboda tsoro ban sake zama daidai ba, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai in zabura. Can nesa na hango babur ɗauke da mutum biyu ya gilma ya shige dawa. Wataƙila manoma ne. Amma na janye hannuna daga taga.

Sai wani ƙara ya fara tasowa daga ƙasa, tsiyit, tsiyit, can kuma ya koma ƙwas, ƙwas. Baba ya kalle ni ta madubi.

"Uwata, kin ce sun sha?"

"Sun sha, Baba."

Karo na biyu ke nan. Kuma in faɗa muku gaskiya, a lokacin hankalina ba ya kan farfela, yana cikin dawa tare da babur.

Muka iso wani rafi mai faɗin yashi, ruwa kaɗan a tsakiya. Baba ya sauka ya murɗa wasu ƙarafa a tayoyin gaba, ya dawo ya sa fo-wil, ya ce kowa ya riƙe da kyau. Muka ratsa yashi lafiya, muka ratsa ruwa lafiya. Da muka zo hawan gangaren ɗaya gefen ya taka totur, inji ya yi gurnani, sai kawai na ji:

KAU! Ta-ta-ta-ta-ta!

Daidai ƙarƙashin ƙafafuna. Har ƙasan motar na ji yana girgiza.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Sun zo! Wayyo Allah sun zo! Harbi ne!"

Na banka ƙofa, na fizgo hannun amarya, muka dira. Matan bodi kuwa ban san ta ina suka sauka ba, na dai ji kwanoni na tarwatsewa, alkaki da nakiya na birgima cikin yashi. Ina jin Baba yana ɗaga murya, "Ku tsaya! Mota ce! Mota ce!" amma kunnena ya ɗauka cewa yake mu bar motar. Muka faɗa cikin dawa, ganye na yankar mana fuska. Gwaggo Indo, wadda shekara uku ke nan a zaune take sallah saboda ciwon gwiwa, wallahi ta gefena ta wuce kamar iska, zane a hannu, carbi na lilo, ba ta ko waiwayo ta ga amaryar da aka damƙa mata amana ba.

Wasu mutane na tsinkar wake a wata gona. Da suka ga amarya da 'yan rakiyarta sun keto dawa suna ihu, ba su tsaya tambaya ba, suka watsar da kwanduna suka nufi gari suna kururuwa.

Ni kuma duk shawarwarin da na taɓa ji a bakin mata suka dawo mini lokaci ɗaya. Na ce mayafin nan mai ƙyalli shi zai tona mana asiri, na fizge shi daga kan Rabi na cusa cikin taɓo na taka da ƙafa. Na kashe wayoyinmu. Muka sami wata gonar gyaɗa, na tura ta cikin kwarin kunya rub da ciki, na danna kanta ƙasa, na kwanta a kanta. Ina jin bugun zuciyarta a ƙirjina. Muka yi kalmar shahada.

"Ki yafe ni," in ji Rabi, bakinta cike da ƙasa.

"Na yafe miki. Ke ma ki yafe ni. Turarenki da ya ɓace bara ni na ɗauka."

"Na sani. Na yafe."

Ina ba da labarin yanzu kamar wasa, amma a wannan kwarin kunya na riga na ga gawata, na ga Innata tana karɓar gaisuwa. Har yau in na rufe ido ina jin warin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan.

Shiru. Ba harbi, ba babur. Sai hon ɗin motar Baba, fam, fam, da muryarsa daga nesa: "Uwata! Rabi! Ku fito!"

Rabi ta motsa za ta tashi, na danne ta. "Kada ki amsa. Tilasta shi suka yi ya kira mu." (Kun ga irin ilimin da ke kaina.)

Mun fi rabin awa a haka. Can sai muka ji takun ƙafafu, ganye na motsi, ana matsowa. Na runtse ido na jira. Sai na ji an ce, "Subhanallahi! Rabi'atu?"

Na ɗaga kai. Wani mutum ne cikin farar shadda, ya tattare babbar riga ya ɗaure a ƙugu, ba hula, gora a hannu, yana haki. Bayansa 'yan sa-kai uku da bindigogin toka. Ango ne. Malam Sani da kansa, wanda ya kamata a ce yana ɓoye a gidan abokinsa yana jin kunya, labari ya iske shi cewa an tare motar amarya a rafi, ya fito da gudu. Ga amaryarsa kwance cikin gyaɗar mutane, ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya, kwalliyar da aka yi tun asuba ta zama taɓo, ni kuma ina kanta kamar kaza a kan ƙwai.

Da muka koma rafi rabin garin na wurin. Ana ta tsinto mata ɗaya bayan ɗaya daga cikin dawa. Gwaggo ce ta ƙarshe, sai da aka goyo ta a babur, don da tsoro ya sake ta gwiwar ta dawo da bashin gudunta gaba ɗaya. Baba na zaune a kan gangare, wani ɗan ƙarfe a tafin hannunsa. Ya bari kowa ya taru, sannan ya yi magana a hankali.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Ba kowa. Kuros ne ya karye, farfela ta saki tana dukan ƙasan mota." Ya ɗaga ƙarfen. Cikinsa a bushe ƙamas, sai jan garin tsatsa kamar barkono ke zubowa. "Wannan ko ɗigon giris bai gani ba."

Wani ɗan sa-kai ya leƙa ƙarƙashi ya ce, "Amma Alhaji ga giris nan jage-jage a jikinta."

Kowa ya leƙa. Ga farfela ta saki baki ɗaya tana reto, yashi ya manne a giris ɗin da na shafa, ta yi kamar tsiren da aka birgima a ƙuli.

"Uwata," in ji Baba. "Matso. Da me kika sa giris ɗin nan?"

Na so ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba.

"Da kara, Baba."

"Da mi?" Gwaggo ta tambaya daga inda aka zaunar da ita.

"Da kara."

"Saboda mi?"

Sai na miƙa hannuwana gaba. Kowa ya kalli lallen. Sai wata daga cikin matan ta fashe da dariya, ta kama ciki ta zauna a yashi, sauran suka ɗauka. Gwaggo kuwa ba dariya a fuskarta.

"Ke 'yar nan! Ke kika ɓata motar, ke kika yi ihun, ke kika binne mayafin! Ni da tsufana kika sa na yi tseren da ban yi ba tun ina budurwa, don furen hannunki? Allah ya kawo ranar naki bikin, da ƙafa za mu kai ki!"

Dariyar ba ta daɗe ba. Wani dattijo mai farin gemu, lauje a kafaɗa, ya matso kusa da ni. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗiyata, tsohuwata na can ta kwashi jikoki ta nufi duwatsu, har yanzu ba a cim mata ba. Gudun gaskiya ma ya ishe mu. Kada ki ƙara muna da na banza."

Wannan maganar ta fi zagin Gwaggo zafi. Nan hawayen suka zubo.

Amma ba lokacin kuka. Azahar ta wuce, ga mota a bakin rafi, ga amarya ba a kai ba, ga hanyar komawa. Baba ya ce dabara ɗaya ce: a kwance farfelar baya gaba ɗaya, noti huɗu ne, a lallaɓa da tayoyin gaba. Ɗan sa-kan nan ya ajiye bindiga ya ce bari ya shiga.

"Bar shi, na gode," in ji Baba. "Mai aikin tana nan."

Ya miƙo mini sifana biyu. Haka na kwanta a yashi cikin ankon biki, gaban ango da dangin ango da rabin gari, na ja jiki na shige. Salansa ta ƙona ni a damtse. Notin farko ya ƙi motsi sai da na sa ƙafa na tokare. Giris ɗin da na shafa da safe, haɗe da yashi, ya bi hannuwana har hammata, yana ɗigo mini a goshi. Baba ya durƙusa da ƙyar yana cewa, "Riƙe na bayan, juya na gaban. A'a, ɗaya gefen." Ina jin wata tsohuwa tana tambaya, "Wai mace ce a ƙarƙashin?" aka ce mata, "Ita ce dai mai ihun."

Da na turo farfelar waje, na yunƙura zan fito, sai ga famfon giris an zuro mini. Ashe yana bayan kujera.

"Ta gaba ita kaɗai ta rage mana," in ji Baba. "Ba ta ta sha. Ina kallo."

Na goge kowane nono da gefen zanena, na danne bakin famfo da yatsu, na yi ta dannawa har baƙin ya fito, sabo ya biyo. Sai da ya ce "ya isa" sannan na fito. Ya tada mota, maza suka tura ta baya, ta yi kuka, ta kama gangaren da tayoyin gaba, ta haye. Gwaggo ta manta tana fushi ta rangaɗa guɗa.

A gidan makwabtan ango aka wanke Rabi, aka ara mata mayafi da takalmi, sannan aka shigar da ita ɗakinta. Ko zama ba mu yi ba, ruwa kawai muka sha. Kafin mu tashi aka zo da labarin an ga tsohuwar dattijon nan da jikokinta lafiya, sai a lokacin na ji numfashina ya dawo. Muka juyo a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai, kowa na kallon rana. Tayarmu na taɓa kwalta ana kiran la'asar a Batsari.

A nan Baba ya yi magana, bai ko kalli madubi ba.

"Uwata, karan na yafe. Ihun ma na yafe, kowa na jin tsoro. 'Sun sha, Baba' ɗin nan ne ya tsaya mini a wuya."

Na ce, "Ka yi haƙuri, Baba." Sai da muka kusa gida sannan ya ce jibi in shirya, ni zan ɗaura sabon kuros.

Rabi ta kira ni makon jiya. Ta ce har yanzu in ta fita unguwa mata na tambayarta ko ta huta da gajiyar gudu, kuma mai gonar gyaɗa ya aiko mata da kwano guda, wai na kunyar da ta kwanta a kai ne. Tana dariya tana zagina.

Tsoro dai bai bar ni ba, ba zan yi muku ƙarya ta uku ba. Shekaranjiya iska ta buga ƙofar langa-langa na tsinci kaina a bayan randa. Abin da ya canza ɗaya ne. Yanzu in na ji ƙara, kafin in buɗe baki in tara wa gari jama'a, nakan dafe ƙirji in tambayi kaina: ke 'yar nan, tsakaninki da Allah, wane aiki aka sa ki yau kika yi ha'inci?